Abincin kaji, man janareta da lissafin arzikin ƙasa: amsa ga wata mai gidan gona a Bukuru

Wata baiwar Allah mai kiwon kajin ƙwai a bayan Bukuru ta aiko da tambaya kamar haka: "A bara kuɗin ƙwan da na sayar ya ninka na shekara biyu baya, amma abin da ya rage a hannuna bai taka kara ya karya ba. 'Yata da ke karatun tattalin arziki a Jami'ar Jos ta ce wai abincin kajin da nake saye da man janareta ba sa shiga lissafin arzikin ƙasa da ake kira GDP. In abin da ya fi cin kuɗina ba a ƙirga shi, wane irin lissafi ke nan? Kuma da wane baki ake cewa tattalin arziki yana haɓaka?"

Hajiya, Allah ya sa wa kiwo albarka. 'Yarki ba ta yi kuskure ba, rabin bayanin ne kawai ta kawo miki. Ana ƙirga abincin kajinki, kuma ana ƙirga man da janaretanki ya sha. Sau ɗaya ake ƙirga su, a wurin wanda ya samar da su. Idan an iso gonarki sai a cire su daga kuɗin ƙwanki, saboda ba ke kika yi su ba, sayen su kika yi. Duk abin da wata sana'a ta saya daga waje ta cinye shi ko ta sāke masa kama a cikin aikinta, kamar masara da ta zama abinci, abinci ya zama ƙwai, shi ne masu lissafin ƙasa ke warewa gefe guda a matsayin abin da aiki ya ci. Idan an cire shi daga darajar abin da aka samar, abin da ya saura shi ne darajar da sana'ar ta ƙara. Ma'aunin GDP kuwa tarin wannan ƙarin ne daga kowace gona, kowane shago, kowace masana'anta da kowace ma'aikata a faɗin ƙasa, a ɗora harajin da ke kan kaya, a cire tallafin da gwamnati ta saka a farashinsu.

Bari mu bi ƙwanki daga tushe da alƙaluman misali, domin a ga dalilin. Manomi a Mangu ya noma masara ya sayar a kan naira 300,000. Kafin ya kai ga haka ya kashe 120,000 a kan iri, taki, maganin feshi da hayar tarakta. Nasa ƙarin 180,000 ke nan. Mai injin haɗa abincin kaji ya sayi masarar, ya ƙara waken suya, sinadaran gina jiki, buhuna da wutar lantarki na 250,000, ya sayar miki da abincin a kan 700,000. Nasa ƙarin 150,000. Ke kuma kika ciyar da kaji, kika kashe wata 100,000 a kan magani, rigakafi, dusar katako, kiret da mai, kika sayar da ƙwai na miliyan 1. Naki ƙarin 200,000. Masu shayi a Terminus da titin Bauchi a cikin Jos suka sayi ƙwan, suka kashe 200,000 a kan man gyaɗa, albasa, attarugu da iskar gas, suka sayar da soyayyen ƙwai na miliyan 1 da rabi. Nasu ƙarin 300,000.

Yanzu in wani ya tara cinikin mutanen nan huɗu, zai ce an samar da dukiya ta miliyan 3 da rabi. Alhali abin da ya shiga bakin jama'a na miliyan 1 da rabi ne. Masarar Mangu ita kaɗai an ƙirga ta sau huɗu: a gona, a cikin buhun abinci, a cikin kiret, a kan faranti. Kamar wanda aka sa ƙirga baƙin biki ne, ya ƙirga su a ƙofar gida, ya bi su zaure ya sāke, ya bi su tsakar gida ya sāke, sannan ya ce wa masu girki su dafa na mutum ɗari uku alhali ɗari ne suka zo. Idan kuwa kika tara ƙarin kowa, 180,000 da 150,000 da 200,000 da 300,000, za ki sami 830,000. Sauran 670,000 da suka cike miliyan 1 da rabin na wasu ne da ba mu bi sawunsu ba: mai kamfanin taki, manomin waken suya, mai tarakta, mai sayar da gas. Kowannensu za a ƙirga nasa ƙarin a wurinsa.

A cikin wannan 670,000 akwai wani yanki da ba na Najeriya ba ne ko kaɗan, kuma ina so ki riƙe shi a zuciya domin zai dawo a amsar tambayarki ta biyu. Takin yuriya ana yin sa a gida, a Eleme da Legas. Amma sinadarin fosfet da ake haɗa takin NPK da shi daga Maroko ake kawo shi, tun yarjejeniyar da aka ƙulla a ƙarshen 2016, fotash ma daga waje yake zuwa. Haka sinadarai da dama na abincin kaji da magunguna. Duk abin da aka shigo da shi daga waje, darajarsa ta ƙasar da ta yi shi ce. Kuɗinki ya biya shi, amma ba ya cikin arzikin da aka samar a nan.

Abin da ya fi rikita ɗalibai, kuma na tabbata 'yarki za ta gamu da shi a jarrabawa, shi ne cewa kaya ba ya zuwa da tambari a goshi. Inda ya je ne ke yanke masa hukunci. Ƙwan da matar gida ta saya a Farin Gada ta soya wa yara, ya kai ƙarshen tafiyarsa, ana ƙirga shi a matsayin abin da iyali suka ci. Ɗan'uwansa daga kiret ɗaya da ya faɗa hannun mai gidan burodi ko mai shayi, abin da aiki ya ci ne. Wanda aka sa a injin ƙyanƙyasa ma haka. Wanda kika ɗauka kika kai gida don karin kumallo yana cikin abin da gonarki ta samar, ko da ba a biya sisi ba, kuma ana ƙiyasta shi da farashin bakin gona. Dillalin da ke loda ƙwai daga Jos zuwa Abuja kuwa nasa lissafin daban ne. Ba a ɗaukar ƙwan a matsayin abin da aikinsa ya ci, tun da bai sāke masa kama ba. Abin da ya samar shi ne ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, daga ciki a cire kuɗin mota, kiret da lodi.

Har kashin kajinki yana da gurbi. Buhunan da manoman dankalin turawa na Bokkos da masu lambun kabeji da karas ke zuwa saye, a wurinki abin da kika samar ne, sai a haɗa shi da kuɗin ƙwai. A wurinsu abin da noma ya ci ne. Masu kiwo da yawa ba sa rubuta wannan kuɗin, kuma a ganina suna rage wa kansu daraja a lissafi.

To, ba duk abin da kika fitar daga jaka ba ne ake cirewa, kuma a nan ne lissafin ƙasa ya rabu da lissafin mai shago. Albashin yaran da ke kwashe ƙwai da share ɗakunan kaji ba a cire shi. A littafinki kashe kuɗi ne, amma a lissafin ƙasa yana cikin ƙarin darajar da gonar ta yi, domin kuɗin shiga ne na wani ɗan ƙasa da ya yi gumi a wurin. Wannan 200,000 ta misalinmu ba ribarki ba ce. Ita ce kason da za a raba: ma'aikata su ɗauki albashi, hukuma ta ɗauki kuɗin rajista da harajin wurin sana'a, a ware na tsufan keji da janareta, abin da ya rage shi ne naki. Shi ma nakin gauraye yake, ladan wahalarki da ribar jarinki a haɗe, shi ya sa a ƙananan sana'o'in da mai su ke aiki da hannunsa ba a ƙoƙarin raba su. Amma da za ki sallami mai gadinki ki ɗauko kamfanin tsaro, kuɗin da kike biyan kamfanin ya koma abin da aiki ya ci, albashin mai gadin kuma ya bayyana a lissafin kamfanin.

Janaretan kansa ba a cire shi a shekarar da kika saye shi. Shi da keji, rijiyar burtsatse, tankin ruwa, ginin ɗakin kaji da motar kai ƙwai, duk abin da zai yi miki aiki fiye da shekara guda, jari ne. Ranar da aka saye shi ana ƙirga shi cikin jarin da ƙasa ta kafa a shekarar, sannan a riƙa rage darajarsa sannu a hankali gwargwadon tsufansa. Amma man da yake sha, baƙin mai, filogi da kuɗin makanikin da ke zuwa duba shi, waɗannan aiki ya cinye su. Gyaran yau da kullum, kamar toshe yoyon kwano, ana cire shi. In kika rushe bango kika faɗaɗa ɗaki ya ɗauki ƙarin kaji dubu, wannan sabon jari ne. Ƙananan kayan hannu masu araha da ake saye akai-akai, irin su shebur, bokiti da tsintsiya, ana barin su cikin abin da aiki ya ci ko da sun wuce shekara. A kiwon dabbobi ma akwai wannan rabon: saniyar tatsa da bijimin barbara da shanun huɗa jari ne, wanda ake turkawa don yanka kuwa kaya ne da ke kan hanyar kammaluwa.

Haya tana da nata ƙulli. In gini kika kama haya, kuɗin hayar hidima ce da mai ginin ya sayar miki, ana cirewa. In fili ne tsura kika kama, ba a cirewa, saboda ba wanda ya ƙera ƙasa. Ana ɗaukar kuɗin a matsayin rabon mai fili daga ƙarin darajar da kika yi. Kuɗin ruwan bashin banki ma kusan haka yake: akasarinsa rabon mai jari ne, sai wani yanki da ake ƙiyastawa a matsayin ladan hidimar banki, shi ne ke shiga abin da aiki ya ci.

Akwai ƙa'ida ɗaya da nake so ki tsaya a kanta sosai, domin ta shafi aljihunki kai tsaye. Ana lissafa kaya ne ranar da aka yi amfani da shi, kuma da farashin wannan ranar. Ranar saye ba ta da hukunci. A ce da kaka kin sayi buhun masara 100 lokacin da take araha, kika zuba a sito. Zuwa ƙarshen shekara kaji sun ci buhu 30. Abin da aiki ya ci a shekarar buhu 30 ne, sauran 70 ajiya ce. Idan damina ta faɗi, masara ta yi tsada, kika fito da buhun da kika saya 40,000 alhali a kasuwar Katako ana sayar da shi 70,000, lissafin ƙasa zai rubuta 70,000. Ratar 30,000 riba ce ta ajiya, tashin farashi ne ya ba ki ita, kaji ba su yi ta ba. Mai kiwon da ya lissafa da tsohon farashi zai ga riba mai kauri a takarda, ya ci ta, ya yi hidimar gida da ita, sai kaka ta zagayo ya tarar kuɗin da ke hannunsa ba zai cika rabin siton ba. Gidajen gona da yawa ta wannan ƙofar jarinsu ya zurare a shekarun hauhawar farashin nan, masu su suna ganin ciniki na tafiya. Wannan ƙa'ida ta masu lissafin ƙasa ta cancanci ta shiga littafin kowane mai kiwo.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, wadda na san ita ce ta fi ci miki rai. Mu koma misalin. Shekara biyu baya kin sayar da ƙwai na miliyan 1, aiki ya ci 800,000, saura 200,000. A bara kin sayar da na miliyan 2, amma abinci, magani da mai sun kai miliyan 1 da 750,000. Saura 250,000. Ciniki ya ninka, ƙarin darajar kuwa da rubu'i kawai ya ƙaru, kuma daga cikinsa za ki biya ma'aikatan da su ma rayuwa ta yi musu tsada. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Man dizal ya fi ninki biyu a cikin 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki. A watan Yunin shekarar aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi, dalar da ke wajen 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. A Afrilun 2024 masu wutar rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, suka koma biyan naira 225 kan kowane yunit na wuta. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Sana'ar da kashi 80 cikin ɗari na cinikinta ke tafiya a kayan aiki, kamar sana'arki, ba ta da wurin ɓuya. Ƙaramin tashi a farashin abinci yana iya haɗiye rabin abin da ke rage mata, tun da mai sayen ƙwai yana da iyakar abin da zai iya biya.

To me ya sa alƙaluman haɓakar tattalin arziki ba su nuna wannan ba? Saboda haɓakar da ake sanarwa ba ta kuɗi ba ce, ta yawan kaya ce. Ana cire tasirin farashi daga ɓangarorin biyu: a auna ƙwan da farashin wata shekara da aka tsayar, a auna abincin da man da farashin wannan shekarar dai, sannan a cire. In kiret nawa kika fitar a da shi kika fitar a bara, buhu nawa kaji suka ci a da shi suka ci a bara, to a wannan ma'aunin gonarki tana nan inda take, ba ta ci gaba ba, ba ta ja baya ba. Alhali abin da kuɗinki ke iya saye ya ragu ƙwarai. Kuɗin bai ɓace ba, hannu ya sauya. Wani kaso ya koma wurin mai masara da wanda ya ɓoye ta a sito, wani wurin mai dakon kaya, wani wurin mai sayar da mai, wani kuma, wancan yankin da na ce ki riƙe, ya ƙetare teku. Don haka mai cewa tattalin arziki ya haɓaka da kashi 3 cikin ɗari da ke mai cewa hannunki ya bushe, kuna iya zama masu gaskiya ku duka. GDP yana auna yawan abin da aka samar. Bai yi alkawarin faɗin wanda ya tafi da shi ba. Laifin da nake gani yana wurin masu ɗaukar wannan lamba guda su kafa hujja da ita cewa jama'a sun sami sauƙi. A ƙasar da yawan mutanenta ke ƙaruwa da sama da kashi 2 cikin ɗari kowace shekara, haɓakar kashi 3 kusan tsayuwa wuri ɗaya ce ga kowane mutum.

Man janaretan nan kuma yana ba ni takaici na musamman. Kowace lita da kika ƙona domin wuta ba ta zo ba, an cire ta daga darajar da gonarki ta ƙara. Ƙwan bai fi girma ba, bai fi yawa ba. Mai kiwo a ƙasar da wuta ke tsaye yana fitar da kiret iri ɗaya da ƙarancin kashewa, ratar kuma ta zama albashi da riba a ƙasarsa. Mai walda a Dilimi, mai injin niƙa, mai sayar da ƙanƙara, tela, duk wannan ramin suke zuba wa kuɗi. Wanda ke son ya ga illar rashin wuta a lissafin ƙasa, a layin abin da aiki ya ci zai same ta.

Iyakar da ke tsakanin abin da aiki ya ci da jari mutane ne suka shata ta, kuma sun sha matsar da ita. Masanin tattalin arziki Simon Kuznets ya miƙa wa majalisar dokokin Amurka lissafin kuɗin shigar ƙasa a 1934. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin bai-ɗaya na farko a 1953, wanda Richard Stone na Ingila ya jagoranci tsara shi, aka sabunta shi a 1968, 1993, 2008, sannan 2025. Kafin 1993, kuɗin da kamfani ya kashe wajen binciken ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa, irin neman kuza da aka daɗe ana yi a Filato, ana ɗaukar sa a matsayin abin da aiki ya cinye. Daga 1993 ya koma jari, shi da manhajar kwamfuta. A 2008 binciken kimiyya ya bi sahu. Wato aikin da masana ke yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom don gano sabon rigakafi jari ne, kwalbar rigakafin da kika saya kika ɗiga wa 'yan tsaki kuwa abin da aiki ya ci ne. Da Amurka ta ɗauki irin waɗannan sauye-sauye a 2013, GDP ɗinta ya ƙaru da sama da kashi 3 cikin ɗari a takarda, ba tare da an ƙera ko allura ɗaya ba. Duk abin da aka fitar daga layin cirewa, jimilla sai ta tashi.

Ma'aikatun gwamnati da ba sa sayar da hidimarsu, kamar makarantar firamare, ba su da ciniki da za a cire wani abu daga ciki. Sai a juya lissafin: a tara alli, takarda, mai, albashi da tsufan gini, a ce darajar hidimar ke nan.

Ta yaya Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ke Abuja take sanin buhu nawa kajinki suka ci? Ba ta bin kowace gona kowace shekara, kuma babu ƙasar da ke iya haka. Manyan kamfanoni irin su NASCO da Grand Cereals a nan Jos suna da littattafan da akanta ya duba, nasu mai sauƙi ne. Wahalar tana wurin miliyoyin gonaki da shaguna da ba su da rajista. Abin da ake yi shi ne a gudanar da babban bincike lokaci-lokaci, a gano cewa a sana'a kaza, cikin kowace naira 100 ta ciniki, kaza ke tafiya a kayan aiki. Sai a shirya babban jadawali da ke nuna inda kowane kaya ya fito da inda ya tafi, masara nawa ta je injin abinci, nawa ta je tukunyar tuwo, nawa ta je kamfani, a tabbatar ɓangarorin biyu sun daidaita. Irin wannan jadawali ne ya sa masanin tattalin arziki Wassily Leontief ya sami lambar yabo ta Nobel a 1973. Tsakanin babban bincike da na gaba, da wancan kason ake ci gaba da aiki.

A nan raunin yake. Kason yana tsufa. Najeriya ta yi shekaru fiye da 20 tana auna kanta da tsarin 1990, lokacin da babu wayar salula a hannun kowa. Da aka sabunta a Afrilun 2014, zamanin da Yemi Kale ke shugabantar hukumar, aka koma shekarar 2010, GDP na 2013 ya tashi daga kusan naira tiriliyan 42 zuwa kusan tiriliyan 80, wato wajen dala biliyan 510, muka wuce Afirka ta Kudu a rana ɗaya. An sāke sabuntawa a Yulin 2025, aka koma shekarar 2019, GDP na 2024 ya tsaya a wajen naira tiriliyan 372. Aiki ne mai kyau kuma ya zama dole. Sai dai ki lura, 2019 ta riga cire tallafi, ta riga faɗuwar naira. Duk sana'ar da tsarin kashe kuɗinta ya sauya tun daga lokacin, wadda ta koma dogaro da janareta fiye da da, ko ta rage wa abinci inganci har kaji suka rage ƙwai, ko ta koma hasken rana ta daina sayen mai, tsohon kaso ba zai nuna ta daidai ba sai an sāke aunawa. In aka raina abin da aiki ke ci, za a kumbura arzikin ƙasa. In aka zuzuta shi, za a tauye. Ra'ayina shi ne a riƙa wannan bincike duk shekara biyar kamar yadda ake ba ƙasashe shawara, a kuma ware masa kuɗi a kasafi ba tare da jiran masu ba da tallafi daga waje ba.

Ke ma kina da hannu a ciki. An yi ƙidayar manoma da makiyaya ta ƙasa a 2022, bayan kusan shekara 30 ba a yi ba, kuma irin waɗannan ma'aikata za su sāke zuwa. Mutanenmu sukan ɗauka masu haraji ne, sai su rage ciniki su ƙara kashewa, ko su faɗi abin da ya zo baki. Dokar ƙididdiga ta 2007 ta wajabta sirranta bayanan wanda aka tambaya, jimilla kawai ake fitarwa. Amsar da aka ba su ita ce za ta zama kason da za a yi shekaru ana auna duk masu kiwon kaji da shi, kuma da shi za a duba in ana tunanin buɗe iyaka a shigo da masara ko rage harajin sinadaran abinci.

Ki sa 'yarki ta raba miki littafin gona gida huɗu. Na farko abin da ya fita: ƙwai, kashin kaji, tsofaffin kajin da aka sayar, har da wanda aka ci a gida da wanda aka yi kyauta da shi. Na biyu abin da aiki ya ci a watan, buhun da aka buɗe kaɗai, da farashin kasuwa na makon da aka buɗe shi. Na uku albashi, haraji da kuɗin fili. Na huɗu kayan da za su daɗe, kowanne da shekarun da ake sa ran zai yi, a raba kuɗinsa a kansu da farashin sabo na yau. Kowane ƙarshen wata ta cire na biyu daga na farko, sannan ta duba naira nawa ke saura cikin kowace 100 ta ciniki. In wannan lambar tana sauka wata uku a jere alhali yawan kiret bai ragu ba, matsalar farashi ce, sai a duba sayen masara da kaka ko haɗa kai da maƙwabta a sayi abinci a dunƙule. In kuwa kiret ne ke raguwa a kan buhu iri ɗaya, a kira likitan dabbobi ya duba kajin da ingancin abincin.